Tukunyar fresha ta lantarki da girkin Kyuba: wake ya yi, shinkafa ta ɓata min rai

Tukunyar fresha da nake nufi, wato mai dafa abinci da matsin tururi, ita ce mai lita 6 ɗin nan, wat 1000, mai ɗan allo da madannai a gaba, wadda ta cika shagunan kayan kicin da shafukan masu sayarwa a intanet. Kuɗinta kun san shi, ba sai na tayar wa kowa da hankali ba. Don girkin Kyuba na saye ta, saboda abincinsu a kan wake da nama mai jijiya ya ginu, kuma su kansu da wuya a shiga kicin ɗinsu babu tukunyar fresha. A garin Santa Clara akwai masana'antar INPUD da Che Guevara ya buɗe a 1964 tana ƙera irin ta kan wuta, sannan a 2005 gwamnatin Fidel Castro ta shiga rarraba wa gidaje tukwanen fresha da na dafa shinkafa cikin rahusa, har da ta lantarki da suke ce wa Reina. To tunda masu abincin ma da ita suke yi, na ɗauka babu abin da zai gagare ta.

A kan frijoles negros, wato miyar baƙin wake da suke zubawa a kan farar shinkafa, wallahi ta burge ni. Wannan waken ba irin namu ba ne, ɓawonsa ya fi tauri, kuma wanda ake samu a manyan kantuna yawanci ya daɗe a leda, a tukunyar gida sai ya cinye awa biyu da ɗoriya yana shan gas. A nan kuwa, rabin kilo da aka jiƙa tun dare, da ruwan jiƙon nasa a cika shi lita ɗaya da rabi, rabin koren tattasai, ganyen bay ɗaya, cokalin mai ɗaya, minti 25 a matsi mai ƙarfi. In waken ya tsufa sosai a ba shi 30. Ba a buɗe hancin tururin da hannu, a bar ta ta huce da kanta kamar minti 20, in ba haka ba kumfar wake za ta biyo hancin ta yi feshi har saman kabad, ta toshe shi. Man da aka zuba shi ke kwantar da kumfar, kuma kada wake da ruwansa su wuce rabin tukunya. Kanwa ba ta da gurbi a nan, za ta narkar da shi ya zama fate, ɗanɗanon ma ya sauya.

Bayan nan sai sofrito, wanda shi ne ran kowane girkinsu: man zaitun cokali 4, babbar albasa ɗaya, koren tattasai ɗaya, tafarnuwa ƙwaya 8 da aka daka da gishiri a turmi, kumin ƙaramin cokali ɗaya, oregano ƙaramin cokali ɗaya. Su suna sa wani ɗan barkono mai suna ají cachucha, kamarsa ɗaya da attaruhu amma ba shi da yaji. Uwargida kada ki ga hoto ki ce attaruhu ne ki zuba, girkin Kyuba ba na yaji ba ne. In sofrito ya soyu, a ɗebi ludayi ɗaya na waken a murƙushe a ciki, a juye duka a tukunya, a bar shi a buɗe yana ɓararraka a hankali minti 20 zuwa 30 har romon ya yi kauri. A ƙarshe cokali ɗaya na ruwan khal da ƙaramin cokalin sukari. Su suna ƙara giyar girki da suke kira vino seco, mu khal ɗin ya wadatar. Abin kula shi ne duk wani mai tsami sai wake ya nuna yake shiga, in ya riga shi shiga waken zai ƙi laushi ko da za a kwana ana dafawa. Wanda ya kwana a firij ya fi daɗi, har suna da sunansa, frijoles dormidos. In don wannan kaɗai ne, da na ce kowa ya je ya saya.

Amma fa moros y cristianos, shinkafa da baƙin wake da ake dafawa tare, a nan muka raba gari. Kuma wannan shi ne abincin da ba a rasa shi a teburin ɗan Habana, babban birnin Kyuba, a gabashin ƙasar su yi shi da jan wake su ce congrí. Yadda ake yinsa tun fil azal: a dafa wake kofi ɗaya ya nuna amma bai fashe ba, a tace a ajiye baƙin ruwan, a yi sofrito a gindin tukunya, a zuba shinkafa kofi 2 a juya ta a cikin man har kowace ƙwaya ta sha, sannan a zuba wake da baƙin ruwan a rufe. Wannan juyawar a mai ita ke sa shinkafar ta fito wara-wara, baƙin ruwan kuma ya rina ta. Su da kitsen alade suke somawa, mu man zaitun da ɗan kyafaffen naman sa yankakke ƙanana sun tsaya a madadinsa. Haka aka bi da wannan tukunya, mataki bayan mataki, aka rufe murfi, aka danna. Ko minti 5 ba a yi ba ta hau ƙara, allon ya rubuta wai abinci ya ƙone, ta yanke wa kanta wuta. Ɗan ƙarfen da ke tashi ya kulle murfi in matsi ya taru ko motsi bai yi ba.

Da aka buɗe, babu abin da ya ƙone. Wani siririn shafi ne kawai na albasa da sitacin shinkafa ya kama gindi, wanda a tukunyar kirki shi ne farkon ƙanzo, kuma 'yan Kyuba suna son ƙanzon shinkafa kamar yadda muke sonsa, raspa suke ce masa, yara har rububinsa suke. Matsalar a ƙirar tukunyar take. Na'urar da ke auna zafi tana manne a ƙarƙashin tukunyar ciki, ita kuma tukunyar cikin sirara ce kamar faranti. Da zarar wani abu mai kauri ya kwanta a gindi, ruwa ba ya taɓa ƙarfen, zafin wurin ya haura, na'urar ta ɗauka gobara ce ta kashe. Ruwan baƙin wake kuwa dama da sitacinsa yake zuwa, ga na shinkafa da aka soya, ga sukarin albasa. Wato duk abin da ke sa moros ya zama moros shi ne abin da tukunyar ba ta so.

Abin da ya fi ciwo shi ne abin da ke biyo baya. An kankare gindi, an mayar da murfi, ta sake ɗaukar zafi daga farko, ta sake yankewa. Kowace buɗewa tururi ya tsere, dole a ƙara ruwa, kowace juyawa shinkafar da ta fara jiƙa ta karye. Abin da aka sauke a ƙarshe ƙasansa ya caɓe, samansa da gari a tsakiyar ƙwaya, waken da aka lallaɓa don kada ya fashe duk ya dame, launin ma ya koma toka-toka saboda ruwan famfo da aka yi ta ƙarawa ya kashe baƙin. An yi asarar waken da ba a kowane kanti ake samunsa ba, da man zaitun da kowa ya san yadda kwalbarsa ta koma. Ɗan littafin da ke cikin kwali babu ko layi ɗaya a kan haka, madannin da aka rubuta wa shinkafa kuma don farar shinkafa a tsabtataccen ruwa aka tsara shi. Da aka tuntuɓi mai shagon, amsarsa ita ce a ƙara ruwa. Ruwan da ya riga ya kashe girkin.

Akwai dabarar da ke sa ta haƙura, ga wadda ta riga ta saya. A yi sofrito a kasko daban, kada a soya komai a cikin tukunyar. A wanke shinkafa sai ruwanta ya fito garau, a tsane ta. Baƙin ruwan a bar shi ya kwanta, a tsiyayi na sama, kofi 2 da kwata ga shinkafa kofi 2, shi za a fara zubawa da gishirinsa. Sai shinkafa, sai wake, sai sofrito a can sama, kuma kada a juya ko kaɗan. Minti 6 a matsi, a bar ta minti 10 kafin a buɗe, sannan a motsa da cokali mai yatsu. Wannan lissafin na farar doguwar shinkafa ne wadda ba a turara ba, irin wadda suke ci. In turarriyar shinkafa ce irin ta buhunanmu, ruwa kofi 2 da rabi, minti 8. Tana dahuwa, ba a musu. Sai dai shinkafar ba ta sha mai tun farko ba, ƙamshin kumin da tafarnuwa a bayanta yake tsayawa bai ratsa ciki ba, ƙanzo kuwa babu labarinsa. Wanda ya taɓa cin na tukunya mai kaurin gindi, wuta can ƙasa, minti 25 ba a ɗaga murfi ba, cokali ɗaya zai kai ya gane.

Da na kai nan niyyata in ce kada kowa ya saya, amma ropa vieja, wato yayyagaggen naman sa a miya, ta sa na ɗan sassauta. Naman gefen cikin sa ake nema, mai dogon zare, kilo ɗaya, a yanka gunduwa-gunduwa tsawon yatsa. Da albasa, ganyen bay, tafarnuwa da ruwan da zai ɗan rufe shi. Lissafin da ake gani na minti 40 na shanun da aka tsare ana ciyarwa ne, namu na kiwo da suka sha tafiya sai an ba su 50 zuwa 55, ballantana tukwanen lantarki matsinsu bai kai na kan wuta ba. Nan ma a bar ta ta huce da kanta, in aka saki tururi da gaggawa romon zai tafasa da ƙarfi naman ya bushe. A yayyage shi da bin zarensa tun yana da ɗumi. Miyarsa albasa ce da jan tattasai da kore yankan tsaye, tafarnuwa, kumin, tumatirin gwangwani cokali 3, romon naman kofi ɗaya da rabi, cokalin khal, da 'ya'yan zaitun a ƙarshe. Naman ya fito lugub, zarensa dogo, romon kuma ya isa har a ajiye na gobe. Amma miyar a kasko za a yi, domin tumatir shi ne babban abokin gabar na'urar nan, kuma madannin suyarta wasan yara ne: ya ɗau zafi, ya kashe, ya sake ɗauka, albasa ta yi ta zubar da ruwa tana dahuwa maimakon ta soyu.

Rogo ma ta yi masa adalci. Mai zaƙi irin na ci, ba mai ɗaci na garin kwaki ba, a fere, a raba biyu, minti 8 da gishiri, a zare igiyar tsakiya. Mojo ɗin da ake zuba masa tafarnuwa ce dakakkiya da gishiri, da albasa yankan zobe, da ruwan wani lemo mai tsami da ɗaci da suke kira naranja agria. In babu, kashi biyu na lemon zaƙi da kashi ɗaya na lemon tsami. Sai a ƙona mai ya yi zafi sosai a kwara a kai ya yi cuuu. Wannan zafin ma tukunyar ba ta iya kai mai gare shi, kasko dai.

Kun ga an koma gidan jiya. Abin da aka tallata da cewa tukunya ɗaya ta isa komai, ga shi kowane girki sai an kunna gas a gefe, wanke-wanke ya ninka. Ga robar murfi da ke riƙe warin kumin da tafarnuwa, an jiƙa ta a khal, an shanya a rana, yana nan daram, ranar da aka dafa arroz con leche, shinkafar madara da kirfa da suke ci bayan abinci, sai da ta fito da ƙamshin miyar wake. Roba ta biyu ba ta zo a kwalin ba, kuma a shagon babu ta sayarwa. In aka ɗauke wuta a tsakiyar girki kuwa, ta manta minti nawa ta yi, murfi kuma a kulle har matsin ya sauka, sai dai a yi ta kintace. Ƙaramin janareta da firij a kansa ba ya ɗaukarta.

Tawa yanzu aikinta uku ne, wake da nama da rogo, kuma a nan tana rage gas sosai. Wadda moros ne ya kawo ta, ta nemi tukunya mai kaurin gindi da murfi mai kamawa, in kuma dole sai fresha, ta ɗauki ta kan wuta wadda ita ce za ta rage mata wuta da hannunta. Wadda ta nace sai ta lantarkin, ta ɗaga tukunyar cikin ta ji nauyinta a shago, ta kuma tambayi robar canji tun kafin ta biya.