Daga Bergen Zuwa Geiranger: Ranar Farko a Jirgin Ruwan Gaɓar Tekun Norwe

Ana tallata tafiyar jirgin ruwa daga Bergen zuwa Kirkenes, can kusa da iyakar Norwe da Rasha, a matsayin hutu na yawon buɗe ido, kuma lalle baƙi daga ƙasashe daban-daban ne suka cika yawancin ɗakunan kwanan jirgin. Sai dai duk wanda ya biya kuɗinsa yana sa ran otal mai yawo bisa ruwa, da kiɗe-kiɗe da wasanni har tsakar dare irin na manyan jiragen Bahar Rum, zai gane tun ranar farko cewa wani abu dabam ya saya. Wannan jirgin aiki ne. A shekarar 1893 kyaftin Richard With ya fara jigilar wasiƙu da kaya da fasinjoji tsakanin Trondheim da Hammerfest, domin garuruwan arewacin ƙasar duwatsu da teku sun raba su da kudu, kuma har yau jiragen wannan hanya suna tsayawa a tashoshi 34, dare da rana, bazara da hunturu, suna sauke kaya suna ɗaukar mutanen gari. Zuwa da dawowa kwana 11 ne. A ganina wannan hali na jirgin shi ne babbar darajarsa, shi ne kuma tushen yawancin abubuwan da baƙo zai yi ƙorafi a kansu.

Ana shiga jirgin ne da yamma, don haka akwai sa'o'i na zagaya Bergen kafin nan, kuma ya kamata a yi amfani da su a Bryggen, jerin tsofaffin gidajen katako na bakin ruwa waɗanda hukumar UNESCO ta sanya cikin kayan tarihin duniya a 1979. A nan ne fataken Jamus suka kafa sansaninsu tun ƙarni na 14, suna sayen busasshen kifin da ake kawowa daga arewa suna kai wa kasuwannin Turai, kuma shi ne irin kifin da har yanzu ake jigilarsa da yawa zuwa Nijeriya. Garin ya shahara da ruwan sama, saboda haka rigar ruwa ta fi laima amfani, tunda iskar bakin teku ba ta barin laima ta tsaya.

Karɓar baƙi a tashar ya burge ni. An duba fasfo, an ba kowa kati guda wanda shi ne makullin ɗaki, shi ne shaidar fita da shiga a kowace tasha, shi ne kuma ake rubuta wa duk abin da mutum ya saya a cikin jirgin. Manyan akwatuna an karɓe su a ƙasa, mun tarar da su a ƙofar ɗakunanmu. Kafin tashi an tara mu an nuna mana yadda ake sa rigar ceto, da inda kowa zai taru idan an ji ƙararrawar haɗari, kuma ma'aikaciyar da ta yi bayanin ba ta yi shi a gurguje ba, ta tsaya har sai da wani dattijo da igiyar rigar ta rikice masa ya ɗaure ta daidai da hannunsa. Ga wanda bai taɓa kwana a kan teku ba, irin wannan natsuwa tana kwantar da hankali fiye da kowace kalmar maraba.

Ɗakin kwanan ƙarami ne, mai tsabta, da taga ɗaya da ba ta buɗewa, da banɗaki wanda mutum mai jiki zai yi wanka a cikinsa a takure. Ban ɗauki wannan a matsayin aibi ba, domin ba a gina tafiyar don zaman ɗaki ba. Abin da na ga ya kamata a faɗa wa mai saye tun wajen biyan kuɗi, amma ba a faɗa ba, shi ne bambancin da ke tsakanin ɗaki da ɗaki ta fuskar hayaniya. Nawa yana a hawa na ƙasa, kusa da ƙofar da ake shigar da kaya, kuma lokacin da muka tsaya a Florø cikin dare, sannan a Måløy da asuba, ƙarar injin da ke matsar da jirgin zuwa bakin tasha da kai-komon motar ɗaga kaya sun tashe ni. Duk wanda barcinsa ba shi da nauyi ya nemi ɗaki a hawa na sama, wajen tsakiyar jirgin, ko da zai ƙara kuɗi.

Duk da haka, wannan tsayuwar dare ita ce ta fara nuna mini abin da na zo gani. Na leƙa ta taga a Florø, sai na ga mutum biyu sanye da rigunan aiki masu walƙiya suna kama igiyar jirgin suna ɗaurewa, aka sauke wasu kwalaye da aka naɗe da leda, wata mata ta sauka da jakarta ta nufi motar da ke jiranta, cikin 'yan mintuna kuma aka kwance igiya muka wuce. Jirgin yana tafiya ne kamar motar kasuwa da ke tsayawa a kowane ƙauye, baƙo kuma yana zaune cikin harkar yau da kullum ta mutanen wurin, ba tare da an shirya masa komai don kallo ba.

Abincin daren farko an jera shi ne kowa ya ɗebi abin da yake so, kuma a nan jirgin ya cancanci yabo ba tare da jan hannu ba. Kifi ne ya fi yawa, salmon da kod da jatan lande, da dankalin Turawa da burodi iri-iri, da wani cuku mai launin ƙasa-ƙasa mai ɗan zaƙi wanda mutanen Norwe suke yankawa siriri su ɗora a kan burodi. Musulmi ba zai kwana da yunwa ba matuƙar yana cin kifi, amma sai ya riƙa tambaya, domin naman alade yana shiga tsiran Turawa da yankakken naman karin kumallo, wasu miyar kuma ana dafa su da giya. Ma'aikatan sun amsa mini kowace tambaya, ɗaya daga cikinsu ma ya koma kicin ya tabbatar kafin ya ba ni amsa. Inda aljihu zai ji a jikinsa shi ne abin sha da 'yan ƙananan saye-saye, domin Norwe ƙasa ce mai tsadar rayuwa, farashin cikin jirgin kuma bai sassauta ba. Abin farin ciki, ruwan famfon ƙasar yana da daɗi da tsabta, gorar ruwa ɗaya ta wadatar.

Mun bar Bergen bayan ƙarfe 8 na dare rana tana sama, domin a watan Yuni ba ta faɗuwa a wannan yanki sai wajen ƙarfe 11, kuma bayan faɗuwarta hasken sararin sama ba ya gushewa gaba ɗaya kafin gari ya sake wayewa. Wannan yana shafar lokutan Isha'i da Asuba kai tsaye, kuma lamarin ƙaruwa yake yi idan jirgin ya ƙetare da'irar Arktik, inda rana ba ta faɗuwa sam a tsakiyar bazara. Ina shawartar duk mai niyyar wannan tafiya ya zauna da malami kafin ya bar gida ya san hukuncin da zai bi. Alƙibla tana kudu maso gabas, jirgin kuma yana yawan juyawa tsakanin tsibirai, don haka a duba manhajar waya dab da tayar da salla. Babu keɓantaccen wurin ibada, amma tsakanin gado da ƙofar ɗaki darduma tana shiga.

Yawancin hanyar tsibirai ne ke kare ta daga igiyar ruwa, shi ya sa jirgin yake tafiya lami lafiya. Banda wuri ɗaya a wannan rana: bayan Måløy dole ne a zagaya tsinin ƙasar Stad, inda babu abin da ya tare buɗaɗɗen teku, wurin da ya yi ƙaurin suna har aka daɗe ana maganar fasa dutse a yi wa jiragen ruwa rami su riƙa bi. A nan jirgin ya yi ta tangaɗi, kujeru da yawa kuma suka zama babu kowa a wajen karin kumallo. Mai saurin jiri ya sha maganinsa tun kafin ya kwanta, kada ya jira sai zuciya ta fara tashi.

Da hantsi muka isa Ålesund, garin da gobara ta cinye a watan Janairun 1904 ta bar mutane kimanin 10,000 ba matsuguni, aka sake gina shi da dutse da bulo cikin salon ado na wancan zamani, da ƙananan hasumiyoyi da zane-zane a fuskokin gidaje. A bazara tsayuwar safiyar gajeruwa ce, domin jirgin yana karkata ne ya shiga Geirangerfjord ya dawo da yamma. Mai so zai iya sauka ya wuni a garin, ya hau matakala 418 zuwa dutsen Aksla, ya sake shiga idan jirgin ya dawo, amma ni ban ga dalilin da zai sa mai zuwan farko ya bar Geiranger ba. Reshen teku ne mai tsawon kimanin kilomita 15 da ya kutsa tsakanin duwatsu masu tsayin gaske, yana cikin jerin UNESCO tun 2005. Ruwan da ake kira 'Yan'uwa Mata Bakwai yana zubowa daga ƙololuwa a layi-layi, can sama kuma, a kan wani ɗan tudu da ido ba zai yarda ɗan Adam ya taɓa zama a kai ba, ana hango gidajen tsofaffin gonaki irin su Skageflå waɗanda aka yi hijira daga cikinsu tun ƙarnin da ya wuce. Kyaftin ya rage gudu, aka yi taƙaitaccen bayani ta lasifika da harsuna uku, sannan aka bar mu da idanunmu, kuma na yaba wannan ƙarancin surutu. Iskar saman jirgin tana da sanyi ƙwarai ko a Yuni, sai da hula da rigar sanyi mai kauri mutum zai iya daɗewa a waje.

Kuɗin tafiyar ba kaɗan ba ne, ga bizar Shengen da ake buƙata domin Norwe tana cikin wannan yarjejeniya duk da ba ta cikin Tarayyar Turai, ga shi kuma kusan komai da katin banki ake biya. Wanda ba zai iya ɗaukar nauyin duk hanyar ba yana iya sayen tikitin wani yanki kawai, misali Bergen zuwa Trondheim, kamar yadda 'yan ƙasar suke yi. Ya dai tabbatar ya sayi na tafiya arewa, tsakanin Yuni da Agusta, domin jirgin da ke dawowa kudu ba ya shiga Geiranger.