Shagon tsofaffin kaya a Jos, da wuƙar da aka ce ta je ƙasar Bama

Watana bakwai kacal da fara tara wuƙaƙe, don haka duk wanda ya ce mini "wannan tsohuwa ce" sai hannuna ya tafi aljihu. Haka ta faru a wani ɗan shago da ke lungu idan ka gangaro daga Taminus, inda wani dattijo ke sayar da takubban Buzaye, tasoshin tagulla da tsofaffin kwabbai masu huda. Can ƙasan tebur na hango kukuri, wuƙar nan ta mutanen Nepal mai lanƙwasa ciki kamar lauje ya yi ƙiba.

"Baba, wannan daga ina?"

"Ɗana, ta yaƙin Bama ce. Jikan wani tsohon soja ya kawo mini."

Labarin yana da ƙafa, shi ya sa na faɗa. Sojojinmu na runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma sun je ƙasar Bama, wato Myanmar ta yau, a yaƙin duniya na biyu, kuma a 1944 akwai bataliyoyin Najeriya da suka shiga daji tare da sojojin Gurkha 'yan Nepal, masu wannan wuƙa. Ba abin mamaki ba ne wani ya dawo da guda a jakarsa. Na taya, ya ce albarka, muka ja kaɗan, ya sallama.

Sai da na isa gida na baje ta a kan tabarma jikina ya yi sanyi. A gindin ƙotar akwai kan zaki na ƙarfe. Ruwan wuƙar yana ƙyalli kamar bambar mota, an yi masa ado da ɗigo-ɗigo, ga kuma INDIA an buga da ƙananan haruffa. Masu tara kukuri sun san wannan samfurin sarai: tsaraba ce da aka riƙa ƙerawa da yawa don 'yan yawon buɗe ido. Wadda gwamnatin Ingila ta raba wa soja ba ta da wannan kwalliya, yawanci shekara ake buga mata da wata alama mai kama da kibiya. Har 'yan wuƙaƙen nan biyu da ke bayan kube sun tona asiri. Ɗaya, karda, kamata ya yi ta kasance da kaifi don ƙananan ayyuka, ɗayar kuma, cakmak, dakusasshiya ce don gyara baki da ƙyasta wuta. Nawa duka biyun gwangwani ne.

Washegari na koma ina shirin cacar baki. A nan shagon ya ci makinsa a wurina. Baba ya saurare ni har ƙarshe, ya juya wuƙar, ya ce, "Yadda aka faɗa mini na faɗa maka. Karɓi kuɗinka, ko ka duba wannan." Ya jawo wata daga cikin buhu, ba kube, tsatsa ta ci rabinta.

Wannan ta biyun ce ta hana ni barci. Siririya ce, irin wadda suke kira sirupate saboda kamarta da ganyen wata ciyawa. Ƙotar ƙaho ce, da zobe a tsakiya inda yatsu ke zama, gindin kuma ya buɗe don kada ta suɓuce. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne tsagar nan da ke kusa da ƙota, wadda ake kira co ko kaudi. A yawancin kukuri a buɗe take kamar kofaton saniya. A tawa rufaffiyar huda ce, kamar ido. Da farko na ɗauka wani ne ya yi mata ɓarna, daga baya na gane ana yin irinta a gabashin Nepal, wajen Cainpur.

Na kai ta wurin wani maƙeri a Dilimi. Bai tambayi labarinta ba, magagari kawai ya ɗauko. Ya goga a gadon bayanta, ƙarfen ya ci. Ya goga a cikin kaifin, wajen da ake sara, magagarin ya zame yana ƙara kamar an ja shi a kan kwalba. Ya ɗago kai ya ce, "Malam, wanda ya yi wannan ya san wuta." Haka maƙeran Nepal, 'yan Kami, ke yi: baki kaɗai suke zuba wa ruwa daga buta, gadon bayan wuƙar kuma ya zauna da taushi don kada ta karye. Sau da yawa ma da sifirin babbar mota suke ƙerawa, abin da ya sa maƙerin dariya, don shi ma da shi yake yin adda.

Ban ce ta je Bama ba, babu wata alama a jikinta da ta nuna haka. Wuƙar aiki ce ta ƙauye, kuma ta fi mai zakin nesa ba kusa ba.

Shagon yana da duhu, ka tafi da tocila. Babu rasit, babu farashi a rubuce, kuma labarin kowane kaya daga bakin wanda ya kawo shi yake. Amma Baba yana barin mutum ya zare, ya juya, ya fita da kaya bakin ƙofa ya duba a rana, kuma yana karɓar abinsa idan an dawo da shi. Ya ce akwai wani takobi da ake kawo masa daga Agadas bayan salla, na ce ya ajiye mini, amma wannan karon da maƙerin za mu zo.