Shekarata Guda da Akwatin Mai Hayar Littafi

A hunturun bara na fara karɓar hayar littafi a wurin wani bawan Allah da ke shigowa ƙauyenmu duk ranar Litinin. Ranar Lahadi yakan baza kayansa a kasuwar Gujungu, washegari kuma ya ɗaure akwatin ƙarfe a bayan babur ya bi ƙauyukan da ke kewaye da Taura. Ƙarƙashin darbejiyar ƙofar gidan mai unguwa yake tsayawa, daga hantsi zuwa kiran azahar. Ni ba na fita, don haka 'yata ta fari ce 'yar aike. Nakan rubuta abin da nake so a takarda, shi kuma ya maido amsa a bayanta. Mata da yawa sun tambaye ni ko kuɗin da nake kashewa yana biyan buƙata, shi ya sa na ga ya dace in faɗi abin da na gani.

Tsarinsa ba wuya. Za ki ajiye naira 500 ta jingina, ya rubuta sunan gidanku a wani babban littafi. Kowane littafi naira 100 ne na mako guda, in ya kwana biyu a kan wa'adi ba ya cewa komai, in ya shiga wani makon sai ki sake biya. Littattafan duk ya naɗe bangonsu da leda, waɗanda suka fara warwarewa kuma ya ɗinke su da zare mai ƙarfi. Daga ribar ƙuli-ƙulin da nake yi nake cire kuɗin, ban taɓa jin ya yi mini nauyi ba.

Soyayya na je nema, kamar kowa, kuma ita ce ta cika akwatin. Tun ina makarantar kwana nake karanta irin waɗannan littattafai da masana suka laƙaba wa suna Adabin Kasuwar Kano, waɗanda suka fara yawaita tun shekarun 1980, marubutan suna buga abinsu da kuɗin aljihunsu. A makon farko Malam mai hayar ya aiko mini da In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, wanda ya fito a 1991, na karanta shi karo na uku a rayuwata ban ji ya gundure ni ba. Daga nan na bi tsofaffin na Balaraba Ramat Yakubu. Masu cewa littafin soyayya shirme ne, ina jin ba su zauna sun karanta irin waɗannan ba. Maganar kishiya ce a ciki, da auren dole, da yarinyar da aka cire daga aji aka kai ɗaki, da matar da aka saka da 'ya'ya ba ko kwanon gero. Babu ɗaya daga ciki da ban gani da idona a layinmu ba. Sababbin dai da yawa ba su kama ni ba. Daga jarumin yana da kamfani a Abuja sai jarumar za ta tashi zuwa Dubai, shafi uku ana siffanta gado da labule. Nakan karanta su da rana ina jiran tukunya, ba na raba dare a kansu.

Abin da ya sa nake yaba wa mutumin nan ya faru ne a wata na biyu. Na aika a kawo mini soyayya guda biyu, sai yarinya ta dawo da uku. A bayan takardata ya rubuta: "Hajiya, na ukun kyauta ne, a gwada. In bai yi ba a maido ba komai." Labarin ban tsoro ne, na wani gida da aka gina a kan tsohuwar rijiya. Na fara shi bayan isha'i da fitilata mai caji da hasken rana, iskar hunturu tana kaɗa asabarin ƙofa, kuma wallahi daren nan da ƙishirwa na kwana, don na kasa fita tsakar gida in ɗebo ruwa a randa. Duk da haka kafin asuba na kai ƙarshensa.

Na daɗe ina tunanin dalilin da ya sa mutum zai biya kuɗi a ba shi tsoro. Abin da na fahimta shi ne, tsoron ba baƙo ba ne a wurinmu. Mun tashi ana hana mu zama a bakin ƙofa da magariba, ana hana mu zuba ruwan zafi a ƙasa ba bismilla, ana nuna mana tsamiya da kuka ana cewa kada a ratsa ta wurin da tsakar rana. Kakata takan ba mu tatsuniyar Dodo har mu ƙanƙame juna, gobe kuma mu roƙe ta ta sake. Marubucin da ya san wannan, da abu kaɗan yake tayar miki da tsigar jiki: takun sawu a soro, ko akuyar da ta ƙi shiga wani ɗaki. Wanda bai sani ba shi ne ke cika shafi da jini da ƙoƙon kai irin na finafinan ƙetare. Cikin guda tara da na karanta, huɗu ne suka san aikinsu. Surukata ba ta so abin ba. Ta ce, "Ke dai ki daina kiran mutanen ɓoye da daddare a gidan nan." Na ce, "To Inna, na ji." Tun daga ranar, na tsoro da rana nake karanta su.

Inna ɗin nan kuwa ita ce ta fi kowa cin moriyar akwatin daga baya, ta hanyar waƙa. A can ƙasan akwatin Malam yana da 'yan siraran littattafan waƙoƙi da ya ce sun shekara ba wanda ya taɓa su. Na karɓi na Mu'azu Haɗeja don na ga ɗan ƙasarmu ne, na haɗa da Imfiraji ta Aliyu Namangi, makahon malamin nan na Zariya. Da farko da ido nake bi, kamar yadda nake karanta labari, ban ji komai ba. Wata rana muna tsince riɗi a tsakar gida na ɗan ɗaga murya da wani baiti na Imfiraji, sai Inna ta ajiye faifai ta ce, "Ba haka ake yi ba, 'yar nan." Ta rera shi da karinsa, ta zarce har baiti huɗu da ka. Ba ta san boko ba, a bakin makafi masu bara ta riƙe shi tun tana budurwa. Ranar na gane rubutacciyar waƙa ba a yi ta don ido ba. Sai an rera ake jin yadda amsa-amo ke faɗowa a ƙarshen baiti kamar taɓarya a turmi, a ji inda ɗango, wato layin baiti, ya cika da inda mai karatu ya ci harafi. Yanzu kusan kullum bayan la'asar ni ke riƙe da littafi, ita ke ba da murya, in ta manta in tuna mata, in na karya kari ta gyara mini. Shekara goma sha biyu ina gidan nan, ba mu taɓa samun abin da ya zaunar da mu wuri ɗaya haka ba. Waɗannan littattafai na sake biyan hayarsu har sau biyar, daga ƙarshe na roƙe shi ya sayar mini da Imfiraji, ya yarda.

Labarin kimiyya kuwa guda ɗaya tak ke cikin akwatin, Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo. A 1969 aka buga shi, shekarar da 'yan sama jannatin Amurka suka taka duniyar wata, kuma labarin wani yaro ne da baƙo daga sama ya ɗauka suka tafi yawo sararin samaniya. Ban taɓa sanin Bahaushe ya rubuta irin wannan ba, balle tun kafin a haife ni. Ɗana mai shekara tara ya ƙwace shi kafin in gama. Da daddare ya ja ni waje in nuna masa taurari, na nuna masa kaza da 'ya'yanta, na nuna masa zara matar wata, iyakar sanina ke nan. Malaminsu ne ya gaya masa cewa zara ba tauraruwa ba ce, duniya ce mai zagaya rana kamar tamu, kuma akwai wata mai wutsiya da ke dawowa kusan duk shekara 76, an ga wucewarta a 1986, ana sa ran ta a 2061. Yaron ya zauna ya lissafa shekarun da zai kai a lokacin. Na aika wa Malam ya ƙaro mana irinsa, ya ce ya duba wurin dillalai a Kano bai samu ba. Wannan ba laifinsa ba ne, amma abin ya tsaya mini a rai, don yaro ya buɗe baki yana nema kuma ba abin da zan miƙa masa.

Akwai inda laifin nasa ne, kuma zan faɗa. Yawancin littattafan soyayya kashi-kashi ake buga su, na ɗaya, na biyu, na uku. Sau biyu ya ba ni na ɗaya da na biyu, na ukun yana hannun wata a wani ƙauye. Ɗaya na jira shi mako bakwai, ɗayan har yau bai dawo ba, ban san yadda aka ƙare da matar da aka bari a gadon asibiti ba. Ya kamata ya riƙa ɗaure su wuri guda, ko ya faɗa wa mutum tun farko. Sau ɗaya kuma na tarar an yage shafuka huɗu na ƙarshe. Ya maido mini da kuɗina ba gardama, amma daren da na kashe bai dawo ba. Abin da ya fi damuna shi ne ba ya tantance wanda ya dace da yara. Wani littafi da ya biyo ta hannun 'yata, da na buɗe shi sai da gabana ya faɗi, don akwai batsar da ko ni ban iya ƙarasawa ba. Na rubuta masa takarda mai zafi. Ya ba da haƙuri, ya ce bai karanta shi ba, ya cire shi daga akwatin, yanzu kuma a ƙulle cikin leda yake ba ta saƙona. Da damina ma ba a dogara da shi. Da ruwa ya cika fadama a watan Agusta, mako biyar ba mu ga babur ɗinsa ba, ko da yake bai caje mu kuɗin waɗannan makonni ba.

Ƙanwata da ke aure a Dutse tana ta cewa in koma karatu a waya, can ne marubuta suka koma. Na gwada. Sai na aika wayar wurin mai caji, sai na sayi data, sai na tsaya jikin katanga kafin shafi ya buɗe, kuma wayar maigida ce, da safe zai fita da abarsa. Littafi kuwa ina tura shi ƙarƙashin matashi, in ba maƙwabciya ta leƙa, Inna ta riƙe shi a hannu ko da ba ta iya karantawa.

Wadda za ta fara, ta sa ɗan aikenta ya buɗe shafin ƙarshe a gaban Malam kafin ya miƙa kuɗi, kuma kada ta karɓi na ɗaya sai ta tabbatar na ƙarshen yana cikin akwati. Ta kuma ce a tono mata na can ƙasa, sirara masu jajayen takardu. Na waƙoƙin Aƙilu Aliyu yana wurina, ni ce zan maido shi ranar Litinin in Allah ya kai mu, sai dai Inna ta ce a ƙara mata mako guda.