Jerin "ƙauyuka mafi kyau a Faransa": ya dace a zaɓi masaukin hutu da shi?

Mai shirin yin hayar mota ya zaga Faransa tsakanin Yuni da Agusta, da ya fara neman garin da zai sauka zai ci karo da tambarin Les Plus Beaux Villages de France. Ƙungiya ce da Charles Ceyrac, magajin garin Collonges-la-Rouge, ya kafa a 1982, yanzu ƙauyukan da ke cikinta sun haura 170. Tana da shafin intanet mai taswira da ake dubawa kyauta, akwai kuma allonta a bakin kowane ƙauye. Hukuncinmu a kanta shi ne, wajen nuna wa matafiyi inda zai je ya wuni ya ba idonsa abinci ba ta da na biyu, amma wanda ya zaɓi wurin kwana da ita zai sha wahala.

Dalilin yana cikin sharuɗɗan shiga. Ƙa'idar da aka daɗe ana bi ita ce kada mazauna cikin ƙauyen su wuce 2,000, kuma ya kasance da aƙalla wurare biyu da hukuma ta ba kariya saboda tarihi ko kyawun yanayi. Ƙauyen ne da kansa yake neman shiga, a turo masu duba shi, bayan wasu shekaru a sake dubawa, wanda ya yi sakaci a cire shi. Wannan tsanantawar ce ta sa jerin ke da amana: da wuya ka tuƙa awa guda ka tarar da abin da bai kai hoton da ka gani ba. Sai dai abin da aka fi aunawa gini ne da tsari da tsafta. Tambarin ba ya ba da tabbacin akwai gidan mai, ko kantin magani, ko shagon da zai sayar maka da madarar jariri ƙarfe bakwai na yamma. Kuma tunda sai ƙauye ya nema yake shiga, rashin ganin suna a jerin ba ya nufin wurin ba shi da kyau.

Kwarin kogin Dordogne, a kudu maso yammacin ƙasar, ya fi ko'ina nuna amfanin jerin da kuma gazawarsa. Ƙauyuka huɗu na jerin suna kusa da juna a can. Beynac tana ƙarƙashin gidan sarauta na dutse da ke kan tsauni. Castelnaud tana fuskantarta daga ɗaya gaɓar, da gidan tarihin kayan yaƙin zamanin da. Gidajen La Roque-Gageac a manne suke da jikin dutse, daga nan ake shiga jirgin ruwan katako mai suna gabarre a yi zagayen kusan awa ɗaya. Domme kuma gari ne mai ganuwa da aka kafa a 1281, daga bakin tsauninsa ana hango kwarin gaba ɗaya. Dukkansu sun cancanci tambarin. To amma hanya ɗaya ce, D703, take bi tsakanin kogi da dutse ta ratsa La Roque-Gageac da Beynac, a watan Agusta kuwa daga hantsi zuwa la'asar motoci jan ciki suke yi a kanta. Wurin fakin na kuɗi ne, a ƙasa yake, masauki kuma sau da yawa yana can sama, sai an hau lungu mai shimfiɗar duwatsu da ƙafa. Mai akwati uku da yara biyu da dattijuwa mai ciwon gwiwa ya yi wannan lissafin tun kafin ya biya kuɗin ɗaki.

Abin da ya fi shi ne a sauka a garin kasuwa da ke kusa da su, a riƙa fita da safe. A nan garin shi ne Sarlat, mai mutum wajen 9,000, wanda girmansa ya hana shi shiga jerin ko da yake tsohon garinsa bai gaza kowannensu kyau ba. Yana cikin garuruwan farko da aka gyara a ƙarƙashin dokar Malraux ta 1962, wadda ta ba tsofaffin unguwanni kariya. Ƙauyukan nan huɗu duk suna tsakanin kilomita 10 zuwa 15 daga gare shi. Montignac, inda aka buɗe sabon kwafin kogon Lascaux mai zanen mutanen zamanin da a 2016 (an rufe na ainihin tun 1963 saboda numfashin baƙi yana lalata zanen), tana wajen kilomita 25 a arewa, kuma ya fi kyau a sayi tikitinsa tun da wuri ta intanet. Sarlat tana da asibiti, da manyan kantuna masu gidan mai, da tashar jirgin ƙasa, kasuwarta tana ci Laraba da Asabar. Aibinta ranar Asabar ne: kasuwa takan cinye babban titin da ya ratsa garin, wanda ya iso bayan ƙarfe tara sai ya yi ta zagaye yana neman fakin. Gidajen haya na mako, waɗanda ake kira gîte, a lokacin zafi yawanci daga Asabar zuwa Asabar ake ba da su, wato ranar shigarka ita ce ranar cunkoso. Ka nemi masauki a gefen gari mai wurin ajiye mota nasa na kansa, a rubuce a takardar kama ɗakin. "Parking à proximité", wato akwai fakin a kusa, na iya zama filin kowa da kowa mai nisan minti goma.

Haka dabarar take a sauran yankuna. A Alsace a kwana a Colmar a ziyarci Eguisheim da Riquewihr. A Provence a kwana a Apt ko L'Isle-sur-la-Sorgue a je Gordes da Roussillon, sai dai zafin can ya fi tsanani, tsofaffin gidaje da yawa kuma ba su da na'urar sanyaya ɗaki, a tambaya kafin a biya.

Akwai wasu tambura biyu da ba su kai wannan suna ba amma sun fi shi amfani ga direba. Les Plus Beaux Détours de France ya tattara garuruwa masu mutum 2,000 zuwa 20,000, daidai girman da ake so ga masauki. Village étape kuma na ƙananan garuruwa ne da ba su wuce kilomita 5 ko minti 5 daga babbar hanya ba, waɗanda suka ɗauki alkawarin samar da abinci da wurin kwana da shaguna. A doguwar tafiya, abincinsu ya fi na wuraren hutawar kan hanya daɗi da sauƙin kuɗi.

Shafin Les Plus Beaux Villages bai ce komai na kirki ba game da tuƙin kansa, alhali nan kuɗi ke zurarewa. Daga Paris zuwa Sarlat ya haura kilomita 500, kusan awa shida. Wanda ya sauka a filin jirgin Toulouse ko Bordeaux ya rage fiye da rabi. Hanyar A20, wadda mai tasowa daga Paris ke bi, kyauta ce daga Vierzon zuwa Brive, A89 ta Bordeaux kuwa ana biya. A tolget ana cirar tikiti a shiga, a biya a fita da kati ko tsabar kuɗi. Layin da ke da harafin "t" mai ruwan lemo shi kaɗai na masu na'urar biya ce, wanda ya shige shi ba tare da ita ba sandar ba za ta ɗaga ba. A kan A13 da A14 da A79 babu sanda ko kaɗan, kyamara ke ɗaukar lamba, a biya ta intanet cikin awa 72, in an manta tara ta biyo ta hannun kamfanin haya tare da nasu cajin. Iyakar gudu 130 ce a babbar hanya, 110 in ana ruwa, 80 a hanyoyin karkara (wasu larduna sun mayar da 90), sannan 50 daga allon sunan gari mai jan baki, ko babu wata alamar gudu. A cikin ƙauyuka, inda babu allo ko layi a mahaɗa, motar da ta fito daga dama ita ke da hanya komai ƙanƙantar lungun da ta fito. Baƙi da yawa a nan suke yin karo.

Kada a yi hayar babbar mota don jin daɗi. Ƙofofin ganuwar Domme da lungunan irin waɗannan ƙauyuka an gina su ne tun kafin a san mota, madubin gefe kuma shi ke fara tafiya. Motocin haya mafi yawa masu giyar hannu ne, mai son otomatik ya kama tun da makonni. Kamfani zai riƙe kuɗin ajiya a kati mai sunan direban, wasu ba sa karɓar katin cirar kuɗi na yau da kullum. Lasin da aka rubuta da Faransanci, irin na Nijar, ana karɓarsa a gajeriyar ziyara. Na Najeriya ko Ghana sai an haɗa shi da lasin ƙasa da ƙasa ko fassarar da hukuma ta amince da ita. A famfo, "gazole" dizal ne, SP95 da SP98 fetur, E85 kuma ba na kowace mota ba ne. Man manyan kantuna irin Leclerc da Intermarché ya fi na kan babbar hanya araha, amma famfon da ba ma'aikaci yakan riƙe sama da Yuro 100 a kati na ɗan lokaci ko man Yuro 30 aka sha.

Batun abinci ma sai an shirya. Gidajen abinci na karkara suna dafawa daga sha biyu zuwa biyu na rana, sai kuma daga bakwai na yamma. Wanda ya iso ƙarfe uku sai dai burodi. Yankin Périgord, inda Sarlat take, da agwagwa da dinya da gyaɗar Turawa ta noix ya yi suna, amma naman alade da giya suna shiga girki da yawa, har salak, don haka "lardons" da "jambon" da "porc", masu nufin naman alade, kalmomi ne da mai kiyaye halal zai riƙa dubawa. Masallaci da mahaucin halal an fi samunsu a manyan garuruwa kamar Brive da Périgueux, shi ya sa gida mai kicin ya fi otal ga iyali. A ƙarshen Yuni rana ba ta faɗuwa sai wajen goma saura na dare, lokutan sallah suna jirkicewa daga yadda aka saba, yara kuma ba sa yarda su kwanta.

Mai iko da ranakunsa ya zo a Yuni ko farkon Satumba. Makarantun Faransa suna hutu daga farkon Yuli zuwa ƙarshen Agusta, ga hutun 14 ga Yuli da na 15 ga Agusta. Hukumar Bison Futé tana fitar da hasashen cunkoso da launuka, kore da ruwan lemo da ja da baƙi, baƙin kuma yakan faɗo a Asabar ɗin da ke tsakanin ƙarshen Yuli da farkon Agusta, lokacin da masu dawowa da masu tafiya ke haɗuwa a hanya. Wanda hutun yara ya tilasta wa zuwa a Agusta ya isa Beynac ko Domme kafin tara na safe, ya koma masauki da azahar, ya sake fita bayan biyar, lokacin da manyan motocin 'yan yawon buɗe ido suka watse.