Na'urar auna yanayi ta gida, bayan damina biyu a hannuna

Shekara 31 na yi ina koyar da labarin ƙasa, kuma duk tsawon lokacin nan da mazurari da kwalba mai zane nake auna ruwan sama, in rubuta a littafi kowace safiya. Da na ajiye aiki 'yata ta ga ban daina ba, sai ta aiko mini da ƙaramar tashar auna yanayi irin ta gida, ta ce: "Baba, ka huta da fita cikin ruwa, wannan za ta riƙa kawo maka lissafin har ɗaki." Damina biyu ke nan tana aiki. Masu tambayata ko ta cancanci a saya sun yi yawa, shi ya sa na ga gara in rubuta abin da na gani.

Kashi biyu ce. Na waje yana ɗauke da ma'aunin zafi da na laima, da kofuna uku masu juyawa don gudun iska, da kibiya mai nuna inda iskar ta fito, da mazurarin ruwa, da ɗan faifan sola da batir biyu. Na ciki allo ne mai faɗin tafin hannu biyu, shi ke karɓar saƙo ya tura wa manhaja a waya. Haɗa ta bai kai awa guda ba, kuma robar tana da ƙwari, rana ba ta ci ta ba har yau.

Neman wurin kafa ta ne ya ba ni aiki. Ma'aunin zafi inuwa yake so da iska mai ratsawa, a tsayin mita 1.25 zuwa 2 daga ƙasa, kamar yadda tashoshin hukuma suke yi da farin akwatin nan mai tsaga-tsaga. Ma'aunin ruwa fili yake so, nesa da bango da bishiya. Na iska kuwa mita 10 ne ƙa'idarsa. Masu ƙera wannan na'ura sun tattara su duka a sanda ɗaya, don haka dole ɗaya ya cutu. Da farko saman rufin kwano na ɗora ta, sai na ga da azahar tana nuna zafin da ya zarce na tsohon ma'aunina da kusan digiri 3. Ba ƙarya ta yi ba, turirin kwanon ta auna. Na sauke ta na kafa a tsakar fili, lissafin zafi ya daidaita, na iska ya lalace. Takardar da ta zo da ita layi biyu kawai ta yi a kan wannan batu, alhali shi ne ginshiƙin aikin gaba ɗaya.

Yanzu ga abin da ya sa na zauna rubutu, wato ruwa. A ƙarƙashin mazurarin akwai wani ɗan cokali mai baki biyu, kamar sikeli. Idan ɓangare ɗaya ya cika sai ya kife, ɗayan ya tari ruwan, kowace kifewa kuma na'urar ta ƙirga ta a matsayin ɗan kason milimita. Dabara ce mai kyau, domin ta ba ni abin da kwalbata ba ta taɓa ba ni ba: lokaci. A da, da safe nake sanin an yi milimita 40, ban san ko dare ya kwana yana yayyafi ba ne ko cikin rabin awa ya zubo. Ga manomi da mai gida a bakin kwari, tsakanin waɗannan biyu akwai nisa kamar sama da ƙasa. Milimita 1 lita 1 ce a kan kowace murabba'in mita. Milimita 40 a awa goma ƙasa za ta shanye. Milimita 40 a minti talatin kuwa magudana ba za ta ɗauka ba, sai ya bi titi, ya bi gona, ya tafi da ƙasar sama.

Ban cire tsohuwar kwalbata ba, na bar ta gefe ina gwada su. A ruwa mai sauƙi bakinsu ɗaya. Amma ranar da aka tsuge kamar da bakin ƙwarya, na'urar takan kasa. Akwai wani dare da kwalba ta ba ni milimita 62, allo ya ce 55. Dalilin a fili yake: a ɗan lokacin da cokalin yake kifewa, ruwan da ke kwarara ba ya jira, wani yakan wuce ba a ƙirga shi ba, kuma iska mai ƙarfi tana kaɗe ɗigon daga bakin mazurari. Duk ma'auni mai irin wannan cokali yana da wannan rauni, manyan tashoshi ma gyara lissafin suke yi. Abin da ya dame ni shi ne raunin ya faɗo daidai inda duniya take sauyawa.

Iska mai ɗumi ta fi mai sanyi riƙe tururin ruwa. Kowane ƙarin digiri 1 na zafi yana ba ta damar ɗaukar ƙarin kusan kashi 7 cikin 100. Wannan doka ce ta kimiyya da aka sani tun ƙarni na 19, na koyar da ita a aji sau ba adadi. Idan hadari ya haɗu a iskar da ta ƙoshi da tururi haka, abin da zai sauke ya fi yawa, kuma a gaggauce. Wannan iskar dai, idan ba hadari, ita ce take tsotse danshin ƙasa da na tsiro, shi ya sa ambaliya da fari suke iya tsananta a ƙasa ɗaya cikin shekara ɗaya. Zafin kuwa ya ƙaru. Kwamitin masana sauyin yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya, IPCC, ya bayyana a rahotonsa na watan Agustan 2021 cewa shekarun 2011 zuwa 2020 sun fi na 1850 zuwa 1900 zafi da kusan digiri 1.1, kuma babu tantama ɗan Adam ne ya jawo. Hukumar yanayi ta duniya ta ce 2024 ta kai wajen digiri 1.55. Iskar kabon da ke fita daga ƙona kwal da fetur da gas, da yin siminti da sare daji, wadda ita ce babbar mai jawo ɗumamar, yawanta a sararin sama ya tashi daga kusan 280 cikin miliyan kafin zamanin masana'antu zuwa sama da 420. Lokacin da Charles Keeling ya fara auna ta a dutsen Mauna Loa na Hawai a 1958, wajen 315 take.

Washegarin daren nan na milimita 62, maƙwabcina da ruwa ya shiga wa ɗaki ya same ni ina duba kwalba. Ya ce: "Malam, to na'urar taka ta tabbatar da cewa ɗumamar yanayin nan ce ta yi mana wannan?" Na so ƙwarai in ba shi amsa mai gamsarwa, domin na ga katifunsa a rana. Amma na ce masa a'a, ba za ta iya ba. Tun kafin a haƙo kwal ake mamakon ruwa. Masana sai sun tara shekara 30 kafin su ce ga yadda yanayin wuri yake, kuma don gano hannun ɗan Adam sai sun haɗa dubban tashoshi, sannan su gwada a kwamfuta duniya biyu, wadda muke ciki da wadda ba a zuba mata hayaƙin nan ba, su ga sau nawa irin wannan ruwa yake aukuwa a kowacce.

Da aka yi wannan aiki, ga abin da ya fito. A 2015 wasu masana biyu a birnin Zurich, Erich Fischer da Reto Knutti, sun lissafa cewa kusan kashi 75 cikin 100 na ranakun matsanancin zafi a doron ƙasa, da kusan kashi 18 na ranakun mamakon ruwa, ɗumamar da aka riga aka samu ce sanadinsu, kuma idan aka kai digiri 2 kason ruwan zai doshi 40. Rahoton 2021 ya ce ruwan yini guda da a da sai a shekara goma ake ganin irinsa sau ɗaya, yanzu yawan aukuwarsa ya ƙaru zuwa ninki 1.3, a digiri 2 zai zama 1.7. Na zafi ya fi muni, tuni ya kai ninki 2.8. A shekarar ce ƙauyen Lytton na Kanada ya ga digiri 49.6, kashegari gobara ta cinye shi, kuma a watan Yuli birnin Zhengzhou na Sin ya sha milimita 201.9 cikin awa ɗaya. Nakan tsaya in kalli ɗan cokalin nan nawa in tuna wannan adadi. Irin ruwan da ya kamata a auna da kyau ke nan, kuma shi ne ya fi wuyar aunawa.

Ganin cewa sai an tara shekaru da yawa ake gane sauyin yanayi, wani shafi na manhajar ya ɓata mini rai. Yana ɗauko watan bana ya jera da na bara, ya sa jan kibiya sama ko shuɗiya ƙasa, ya kira abin alƙiblar yanayi. Wannan kuskure ne mai cutarwa. Wanda ya ga jar kibiya zai firgita ba bisa hujja ba, wanda ya ga shuɗiya zai ce ashe duk zancen ɗumama tatsuniya ce, su biyun kuma shekara biyu kacal suka kalla a tsakar gida ɗaya. Da sun cire shafin nan sun sa a madadinsa gargaɗi cewa lissafi yakan ragu a ruwa mai ƙarfi, da sun yi wa masu saye adalci.

Sauran ƙorafina ƙanana ne. Gizo-gizo yana son yin saƙa a kan cokalin, ƙura da kashin tsuntsu suna toshe mazurari, don haka duk sati biyu sai na buɗe na wanke. Idan intanet ta yanke allon yana ci gaba da nunawa, amma manhajar takan bar giɓi, kuma yawanci lokacin hadari ne hakan yake faruwa. Ma'aunin laima yakan maƙale a sama bayan ruwa har na wasu awanni. A ɓangaren yabo, batirin farko ya kai ni wata goma sha huɗu, ana iya sauke duk bayanan a kwamfuta ba tare da wata wahala ba, kuma zafin dare da take rubutawa ya buɗe mini ido. A da zafin rana kaɗai nake kula da shi, alhali daren da bai huce ba shi ne yake galabaitar da tsofaffi da jarirai, don jiki bai samu sararin hutawa ba.

Ga malamin makaranta, na'urar nan ta fi darasi goma a allo, yara za su ga da idonsu bambancin yawan ruwa da ƙarfin saukarsa. Ga manomi da mai kula da magudanai ma tana da amfani, muddin an kafa ta a fili, an daidaita ta da ma'aunin magina don kada cokalin ya karkata, an kuma ajiye ma'aunin hannu a gefenta. Ni dai na ba ta uku da rabi cikin biyar. Na ƙara layi ɗaya a littafina, inda nake rubuta ruwan da ya fi ƙarfi cikin awa guda a kowace rana, na ɗauko lokacin daga allo, jimillar kuma daga kwalba. Na gaya wa 'yata ta adana littattafan nan bayana, na 31 da suka wuce da waɗanda za su biyo, domin wanda zai iya karanta abin da ke cikinsu sai ya haɗa su duka.