Wandon aljihu shida da na saya a kasuwar Dole: yadin ya yi, ɗinkin ya ba ni kunya

Wata takwas ke nan da na sayi wannan wando mai aljihu shida a kasuwar Dole, kuma da a watan farko na rubuta wannan sharhi, da yabo zalla za ku karanta. Ni malamin makaranta ne a nan Damagaram, kuma shekara uku ke nan da ni da abokaina biyu muka saba fita da sassafe ranar Lahadi mu bi duwatsun da ke kewaye da gari, wani lokaci mu miƙa hanyar Mirya, mu bar babura a wani ƙauye mu ci gaba da ƙafa. Wandon jins da nake sawa a da yana riƙe zufa, yana kuma ɗaure gwiwa idan mutum zai ɗaga ƙafa ya hau dutse, shi ya sa na nemi irin wannan. Asalinsa ma na tafiya ne, domin sojojin Ingila ne suka fara sa babban aljihu a cinyar wando a 1938, kafin sojojin laima na Amurka su ɗauka a yaƙin duniya na biyu.

Yadin kam ba ni da abin cewa a kansa sai alheri. Takardar da ke cikin ƙugu ta nuna kashi 65 cikin 100 zaren roba ne, 35 auduga, kuma idan aka duba da kyau za a ga zare mai kauri ya ratsa shi ta tsaye da ta kwance, ya yi ƙananan gidaje kamar gidan dara. Amfanin wannan saƙa shi ne idan ƙaya ta kama yadi, yagewar takan tsaya a zare mai kaurin da ke kusa, kuma na ga haka da idona ranar da ƙayar aduwa ta fizge ni a ƙauri. Na sa shi cikin zafin Afirilu da Mayu, lokacin da ma'aunin zafi ke wuce digiri 40, bai dame ni kamar yadda na ji tsoro ba. Uwargida ma ta yaba, don rabin bokiti ya ishe shi wanki, kuma duk mai sayen ruwa wurin ƴan garuwa a garin nan ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne.

A watan Oktoba ne abin ya faru, lokacin da ƙarangiya ta bushe ta cika kowace hanya. Murafun aljihun cinya ba maɓalli gare su ba, irin abin mannewar nan ne mai ƙananan ƙugiyoyi, wanda ke yin ƙara idan an ɓalle shi. Mun ratsa wata saura kafin mu isa gindin dutse, ƙarangiya ta lulluɓe mu har gwiwa, muka zauna muka tsince abin da ya samu. Daga jikin yadin tana fita da sauƙi, amma ban lura ba ashe ta shige cikin abin mannewar ta yi dam, ita da rairayi da gashin ciyawa, har murfin ya daina kamawa, yana nan kwance kawai kamar a rufe yake. Salulata tana cikin aljihun dama. Da muka kai wani wuri da sai an buɗa ƙafa sosai kafin a haye daga wani dutse zuwa wani, na ɗaga gwiwa, sai na ji kyat a tsakanin cinyoyina, kuma a daidai wannan lokaci salular ta zame ta faɗa cikin tsagar dutse. Mun fi rabin awa muna zungura da sanda kafin ƙaramin cikinmu ya zura hannu ya ciro ta, yana cewa, "Yaya, sai haƙuri, gilashin ya tafi." Haka na sauko da rawani ɗaure a ƙugu don rufe ɓarakar da ta kai kusan taƙi guda, mata masu roron wake suna yi mana sannu, ni kuwa ina amsawa ba tare da na juya ba.

Washegari na koma wurin mai shagon. Ya karɓe ni da fara'a, ya jujjuya wandon ya ce, "Malam, ai na yawon gari ne, ba na hawan dutse ba," alhali ranar ciniki shi da bakinsa ya ce ko duwatsun Tarmit na cikin hamada zan je da shi ba abin da zai same shi. Ban ja magana ba, na wuce wurin telana a Zango, kuma a can ne na koyi abin da ya kamata in sani kafin in fitar da kuɗina. Ya juya wandon baibai ya nuna mini cewa layin ɗinki guda tak aka yi a hantsa, da siririn zare, ba a kuma sa ƙarin ƙyallen nan da ke ba cinya sarari ba, sannan kusurwoyin aljihu babu ɗinkin maimai da ke hana su ɓalla. Ya tsaga, ya sa ƙyalle, ya bi da layi biyu, ya cire abin mannewar ya sa maɓallai. Kuɗin tela bai taka kara ya karya ba, amma gyaran gilashin salula ya fi kuɗin wandon kansa.

Bayan gyara ya zama wandon da na so tun farko, har na fara cewa a raina na yafe masa. To amma yanzu da nake rubutu sauran abubuwan suna dawo mini. Zif ɗinsa ya fara cijewa tun shigowar ƙurar hunturu, sai na goga masa kyandir kafin ya yi tafiya. Launinsa na ganye ya koɗe a gwiwa da mazaunai, ta yadda ba na iya shiga aji da shi, duk da cewa rabin dalilin sayensa ke nan. Ranar nan kuma a fada tartsatsin gawayin shayi ya faɗo mini a cinya, nan take ya narke ya bar huda kamar ƙwayar dawa, halin zaren roba ke nan. Abokina da ya tsinci nasa a gwanjo, tsohon wando mai maɓallai da zif ƙirar kamfanin YKK, bai kai shi wurin tela ko sau ɗaya ba, kuma duk Lahadi sai ya tuna mini.

Zan ci gaba da sa nawa a duwatsu har ya ƙare, tunda na riga na kashe masa kuɗi sau biyu, amma ba zan sake sayen irinsa ba sai na juya shi baibai a gaban mai shago na ƙirga layukan ɗinki. Salula kuwa tun daga ranar a jakar goyo nake sa ta, aljihunan cinyar nan biyu dabino da goro kawai suke ɗauka.