Zaren Alize Cotton Gold: ra'ayina bayan na saƙa wa masu ciwon daji huluna da shi

'Yan uwa masu saƙar kwarashi, musamman waɗanda suke tambaya ta wane zare nake amfani da shi wajen hulunan marasa lafiya, yau dai bari in yi bayanin a tsanake. Zaren shi ne Alize Cotton Gold, ɗan ƙasar Turkiyya ne, kuma tun daga farko zan faɗa muku cewa in dai hular don mai shan maganin ciwon daji, wato kansa, ce to ya cancanci kuɗinsa, duk da cewa kuɗin nasa ba wasa ba ne.

Abin da ke rubuce a takardar da aka naɗe shi da ita: kashi 55 auduga ne, kashi 45 kuma akirilik, wato zaren roba irin wanda muka saba kira ulu a kasuwa alhali ba gashin tunkiya ba ne. Dunƙule ɗaya giram 100 ne, tsawonsa mita 330. Siriri ne, bai kai kaurin ulun da muke yi wa jarirai riga da safa ba, ni da kwarashi mai lamba 3 nake saƙa shi, in kuma hannunki mai matse saƙa ne ki ɗauki 3.5 don kar hular ta fito da tauri. Dunƙule ɗaya yana ba ni hular babban mutum guda har da ragowa mai yawa, in kin sayi biyu kala ɗaya za ki iya fitar da uku.

To me ya sa sai shi, ga ulu nan cike da kasuwa da araha? Amsar tana kan mara lafiyan ne. Wanda aka fara yi wa kemo, wato magungunan asibiti masu ƙarfi da ake bayarwa don kashe ƙwayoyin ciwon daji, ba kowane magani ne ke zubar da gashi ba amma da yawansu suna zubarwa, kuma yawanci cikin sati biyu zuwa huɗu da farawa gashin yake soma fita. Abin da mutane ba su cika sani ba shi ne fatar kan tana yin laushi sosai a wannan lokacin, wasu tana musu zafi ko ƙaiƙayi, har matashin kai ma yana iya damun mutum. Ke da kike da gashi in kin sa hular ulu mai kaushi ba za ki ji komai ba saboda gashinki ya tare, amma ita fatarta ce kai tsaye take gogar zaren tun safe har dare. Wata antina da ta yi fama da kansar mama ita ta fara nuna min haka, an kawo mata wata hula mai kyau ƙwarai da aka saƙa da ulun kasuwa, ta sa ta cire nan take, ta ce min "'yar nan kamar ana soka min ƙaya", ta ajiye ta ba ta sake waiwayarta ba. Da na kai mata ta wannan zaren sai ta fara shafa cikin hular da bayan hannunta tukunna ta ɗora a kai, ta gyara ta ta rufe kunne, ta ci gaba da hirarta. Da ita take kwana.

Ga gwajin da nake yi wa kowane zare kafin in saya, ku ma ku riƙa yi: ki ɗauki dunƙulen ki goga shi a wuyanki ko a cikin damtsenki inda fata take da laushi, ki ɗan daɗe kina gogawa. Tafin hannu ba ya faɗin gaskiya don ya saba da aiki. Cotton Gold yana wuce wannan gwajin lafiya lau, santsi ne da shi kuma babu wannan ɗan gashi-gashin da ke tashi a jikin ulu.

Abu na biyu da ya sa nake son sa shi ne zafinmu. Yawancin tsarin hulunan da za ki gani a YouTube na mutanen ƙasashen sanyi ne, su burinsu ɗumi, mu kuwa a Kano daga Maris zuwa Mayu in kin ɗora wa mutum zallar akirilik a kai kin haɗa shi da gumi da ƙuraje. Audugar da ke ciki tana shan gumi tana barin iska ta shiga, shi kuma akirilik ɗin yana sa hular ba ta yin nauyi kuma ba ta saki ta zama lagwai bayan wanki kamar yadda zallar auduga take yi. Sannan matanmu ba hular kaɗai suke sawa su fita ba, ɗankwali ne zai hau kanta, hijabi ko mayafi ya biyo baya. Saboda haka sirantar zaren a wajena alheri ce, hular tana kwanciya luf a kai, ɗaurin ɗankwali ya zauna daram ba ya zamewa, don ɗankwali a kan da babu gashi sulɓewa yake yi, kuma wannan kaɗai yana hana wasu matan shiga mutane. Da hular a ƙasa sai ɗaurin ya sami abin kamawa har ya ɗan yi cika kamar akwai kitso.

Yanzu inda za ki yi haƙuri da shi. Saƙa da siririn zare tana cin lokaci, hular da za ki gama a zama ɗaya da ulu mai kauri wannan sai kin koma mata, in ke mai gaggawa ce zai gwada haƙurinki. Kuma kamar sauran zarurruka masu auduga, silili da yawa aka murɗe wuri guda, in bakin kwarashinki mai tsini ne yana iya shiga tsakaninsu, ki nemi mai baki a dunƙule. Ba ya miƙewa sosai kamar ulu in an ja shi, don haka awo sai an kula. Kan babban mutum yawanci tsakanin santimita 54 zuwa 58 yake, amma ki tuna babu gashi, ni nakan yi da'irar saman kan ta kai faɗin santimita 16 zuwa 17 sannan in daina ƙari in gangara, tsayinta kuma wajen santimita 20 zuwa 21 don ta sauko ta rufe ƙeya da saman kunne. Wannan rufe ƙeyar yana da muhimmanci, nan ne wurin da mutum ya fi jin kunyar a gani.

Sai tsada. Kayan waje ne, duk sanda dala ta motsa shi ma sai ya motsa, kuma ba a kowane shagon zare ake samun sa ba, sau da yawa sai dai a yi oda wajen masu sayarwa ta Instagram ko WhatsApp. A nan ki buɗe ido. Wata mai sayarwa ta taɓa turo min dunƙule biyu wai kala ɗaya, da na haɗa su a rana sai ga ɗaya ya fi ɗaya duhu, ashe ba rini ɗaya ba ne. A jikin takardar akwai lambar kala akwai kuma lambar rukunin rini, ki ce a ɗauko miki hoton takardar ki tabbatar duka biyun sun zo daidai kafin ki tura kuɗi.

Maganar kala, suna da ita birjik, amma ra'ayina shi ne kar a cika wa mutane ruwan hoda. Na san shi ne alamar kansar mama, watan Oktoba ma ko'ina shi ake gani, sai dai mara lafiya ba kullum take son abin da zai riƙa sanar da ciwonta ba. Baƙi, ruwan ƙasa, ruwan toka da shuɗi mai duhu sun fi karɓuwa saboda suna shiga da kowace atamfa kuma ba sa haskowa ta ƙarƙashin mayafi. Maza ma kar a manta da su, su ma suna kwanciya a gadajen nan, wata mara ado mai duhu tana musu amfani da daddare ko a ƙarƙashin hularsu ta fita. Yara kuwa ki sake musu kala yadda kike so.

Zare mai kyau ba zai yi amfani ba in saƙar ta lalata shi. Ki fara daga tsakiyar kai ki riƙa zagayawa don kar a sami ɗinki, kar ki bar ƙulli a ciki ko ɗaya, bakin zaren ki saka shi cikin saƙar da allura ya ɓace. Ban da duwatsu, ban da maɓalli, ban da saƙa mai manyan ramuka da za su nuna fatar kai. Akwai wata ƙungiya a Amurka mai suna Knots of Love da aka kafa a 2007 don wannan aikin na huluna, har jerin zarurrukan da suka yarda da su suke fitarwa, wanda ba ya ciki ba sa karɓa, kun ga ke nan maganar laushi ba tsirfa ba ce.

Abin da zan fi roƙon ku a kai shi ne turare. Mu dai al'adarmu in za mu ba da kyauta sai mun turara ta da turaren wuta ko mun shafa mata humra, to a nan don Allah a bari. Kemo yana kawo tashin zuciya kuma ƙamshin da ke miki daɗi ita yana iya sa ta amai. Garkuwar jikinsu ma tana yin ƙasa, saboda haka ki wanke hular da ruwan sanyi da sabulu mara ƙamshi, ki matse a hankali ba murɗewa ba, ki shimfiɗa ta a inuwa ta bushe sarai, sannan ki sa a leda mai tsabta ki rufe. Cotton Gold yana jure wannan wankin, nawa ba su zuba ba kuma ba su tsuke ba, sai ma ƙara laushi da suka yi. In asibiti za ki kai, ki fara samun nas ɗin da ke kula da sashen ki nemi izini, su suka san wa ke buƙata da kuma lokacin da ya dace.

Lokacin hunturu ne kawai nake ganin shi kaɗai bai isa ba, Disamba da Janairu sanyin asuba yana ratsa kan da babu gashi sosai. Abin da nake yi shi ne in haɗa zaren biyu in saƙa da kwarashi mai lamba 5, tana fitowa da kauri da ɗumi kuma laushin yana nan, sai dai ki sani dunƙule ɗaya hula ɗaya zai ba ki, don haka ki yi lissafin kuɗinki tun kafin sanyin ya shigo.